Tambaya ga marubuta: dole ne in bayyana ko sihirin da ke labarina gaskiya ne?

Sabon_Alƙalami ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta da makaranta, dan Allah ina neman shawararku a kan wani labari da nake rubutawa, na kai wani waje na cije, gaba ta gagara baya ta gagara.

Labarin almara ne, garin ma ƙirƙirarsa na yi babu shi a duniya. Gari ne mai ganuwa a bakin hamada, duk garuruwan da ke kusa da shi yashi ya binne su tun zamanin kakanni amma shi yana nan daram. Mutanen garin sun yarda cewa abin da ya tsare su wata tsohuwa ce da take fita ƙofar gabas kullum idan rana za ta faɗi, tana da wata doguwar igiya da ta gada, sai ta ɗaura ƙulli ɗaya a jiki tana motsa baki sannan ta koma gida. Ba ta noma ba ta sana'a, garin ne ke ciyar da ita. To rannan kawai sai ta kwanta dama ba tare da ta koya wa kowa abin da take faɗa ba, aka wayi gari kowa ya zuba wa jikarta Mairo ido, yarinya 'yar shekara 15 wadda ita ce take riƙe wa tsohuwar fitila. Ita kuma Mairo a ranta ba ta taɓa yarda da abin ba, ta san igiyar ciki da waje, igiya ce kamar kowace igiya, kuma ba ta san kalma ko ɗaya ba. Amma ta kasa faɗa, sai ta ci gaba da fita tana ɗaura ƙullin tana motsa baki ba ta cewa komai, kuma yashin bai shigo ba.

Tambayata ita ce a ƙarshe dole ne in nuna wa mai karatu ko sihirin gaskiya ne ko ƙarya? Idan na ce gaskiya ne ina ganin kamar na zubar da duk shakkun Mairo da na ɓata shafuka ina ginawa, idan kuma na ce ƙarya ne to labarin ya tashi daga almara ya koma labarin yaudara, kuma ni ba abin da nake son rubutawa kenan ba, ina ƙaunar tsohuwar nan ba na so ta zama maƙaryaciya. Sannan ban san da bakin wa zan ba da labarin ba, da bakin Mairo ko ni marubuciya in tsaya gefe ina faɗa. Duk mai ilimi a kan jigo da zubi da salo na irin wannan labari ya taimaka min dan Allah, na gode.

Malamin_Adabi ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi wa alƙalami albarka. Labarin nan naki yana da ƙashi, kada ki sake ki yar da shi.

Wannan waje da kika cije masana adabi sun daɗe da sanin sa. Akwai wani masani Tzvetan Todorov, haifaffen Bulgariya ne amma a Faransa ya yi aikinsa, a shekarar 1970 ya fitar da nazari a kan irin waɗannan labarai, ya ce ransu yana cikin kokwanton da mai karatu yake yi ne, wato wannan abu da ya faru yana da dalili na zahiri ko kuwa daga wata duniya ya zo. Muddin mai karatu yana tsakanin biyun to yana cikin wannan nau'in labari. Ranar da marubuci ya ce ai ga dalilin zahiri, labarin ya koma na abin mamaki da aka warware. Ranar da ya ce ai sihiri ne da gaske, ya koma tatsuniya irin wadda aljani zai fito kasuwa babu mai tambayar yadda aka yi. Duk ukun halal ne a wajen marubuci, babu wanda ya fi wani daraja, abin da ya kamata ki sani kawai shi ne wanne kika zaɓa, saboda kowanne da irin alkawarin da yake ɗaukar wa mai karatu tun daga shafin farko.

Ni a karatun da na yi wa abin da kika kawo, jigon labarinki ba sihiri ba ne, imani ne da nauyin da yake ɗora wa wanda aka yi imani da shi. Ki duba da kyau, rikicin ba tsakanin gari da yashi yake ba, yana cikin ƙirjin yarinyar da take tsaye gaban jama'a kullum tana motsa baki babu komai a bakin. In haka ne to amsar da mai karatu yake bin ki bashi ba ta igiya ba ce, ta Mairo ce, me za ta yi da abin da ta sani. Wannan kam dole ki biya shi. Ta igiyar kuwa kina iya barinta a buɗe in kin iya riƙe ta.

Maganar bakin mai ba da labari kuwa ita da tambayarki ta farko abu ɗaya ne, ba biyu ba. In kika tsaya a matsayin marubuciyar da ta san komai, mai shiga zuciyar kowa, mai ganin abin da ke bayan tudu, to mai karatu zai ji haushinki in kika ɓoye masa gaskiyar igiya, zai ce kin sani kin ƙi faɗa. Amma in labarin ya fito daga bakin Mairo, ko kuma kika bi ta a baya kina faɗin abin da idonta ya gani kaɗai, rashin sanin ya zama na gaskiya, ita ma ba ta sani ba, ba wai rowa ake yi wa kowa ba. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wajenmu, Abubakar Imam a Ruwan Bagaja na 1934 ya bar Alhaji Imam ne yake ba da labarin yawonsa da bakinsa, shi ya sa duk abin al'ajabin da ya faɗa mai karatu yake karɓa a matsayin maganar mutumin da ya ce ya je ya gani.

Abu na ƙarshe, ki kula da garin. Coleridge mawaƙin Ingila ya ce a 1817 mai karatu da son ransa yake ajiye rashin yardarsa gefe ɗaya don ya ji daɗin labari, shi kuma Tolkien, marubucin almara na Ingila, a laccar da ya gabatar a jami'ar St Andrews a 1939 bai gamsu da haka ba, yana ganin in har mai karatu sai ya lallashi kansa kafin ya yarda to marubuci ya riga ya gaza. Misalin da ya bayar shi ne kowa zai iya cewa koriyar rana, aikin yana wajen gina duniyar da koriyar rana za ta zauna a cikinta ba a ji wani banbaraƙwai ba. To garinki ma haka, in da gaske mutane sun yi shekaru aru-aru suna rayuwa a ƙarƙashin igiyar nan ya kamata mu ji ta a rantsuwarsu, a wasan yaransu, a irin zagin da uwa take yi wa ɗanta, a yadda ake raba gado ma.

Makaranciya_Ta_Gidi ta amsa:

Malam Allah ya ƙara basira, amma a yi min afuwa ni dai a matsayina na mai karatu zalla ba marubuciya ba akwai inda ban bi ka ba. Wallahi babu abin da ke ƙona min rai irin in bi littafi dare da rana in zo shafin ƙarshe a ce min wai ni zan yanke hukunci da kaina, to da ni zan yanke me ya kai ni karanta naki? Sau da yawa wannan barin ƙarshe a buɗe ba gwaninta ba ce, tsoro ne, marubucin ya rasa yadda zai fita daga ramin da ya haƙa sai ya tsallake ya bar mu a ciki.

Ƙanwata ki ji shawarata, ko ba za ki faɗa mana ba ke ki sani. Ki zauna ki yanke a ranki igiyar nan tana aiki ko ba ta aiki, ki rubuta a wata takarda ki ɓoye, saboda mu masu karatu muna ganewa, akwai bambanci tsakanin marubucin da ya san amsa ya rufe bakinsa da wanda shi ma lalube yake yi, na farkon duk abin da ya ajiye a hanya yana haɗuwa in ka koma baya ka sake karantawa, na biyun kuwa sai ka ga babi na 3 yana ƙaryata babi na 9.

Sannan ni abin da na ga ya ɓace a labarin shi ne farashi. Me ƙullin nan yake ci? Sihirin da ba ya cin komai ba ya tsorata kowa kuma ba ya ba kowa tausayi. Tsohuwar nan ta taɓa barin garin ko na kwana ɗaya? Ba ta taɓa ba ai, tunda kullum sai ta fita da magariba, kenan ba ta taɓa zuwa biki ko ta'aziyya a wani gari ba, ko 'yarta tana naƙuda a ɗaki rana ta kusa faɗuwa dole ta tashi ta bar ta. Kin ga wannan shi ne farashin, kuma abin daɗin shi ne ana biyan sa ko sihirin gaskiya ne ko ƙarya. Yanzu ya faɗo kan yarinya 'yar shekara 15 da ƙila tana da wanda take so a wani gari, ko tana son ta ga abin da ke bayan hamadar. Nan ne zan yi kuka in kin rubuta shi da kyau.

Akwai wani marubucin almara ɗan Amurka Brandon Sanderson, a 2007 ya kafa wata ƙa'ida da masu rubuta irin wannan suke yawan ambata, ma'anarta dai gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci yadda sihirinka ke aiki, gwargwadon yadda kake da ikon warware matsala da shi. Tunda naki a lulluɓe yake ba wanda ya san yadda yake aiki, kada ki bari shi ya ceci garin a ƙarshe, in kika yi haka kin cuce mu. Ki bar shi ya riƙa jawo matsala, mutane su riƙa warwarewa.

Ɗalibin_Al'adu ya amsa:

Salamu alaikum. Ni ba marubucin labari ba ne, abin da na karanta nazarin al'ummomi ne, amma tambayar nan ta taɓo inda yake min ƙaiƙayi shi ya sa na kasa wucewa.

Matsalar da nake gani a yawancin labaran da suka shafi imani da sihiri ita ce ana mai da masu imanin wawaye, jarumi shi kaɗai ne mai hankali sauran gari duk tumaki. Wannan ba haka yake a zahiri ba kuma yana kashe labari. Wani Bature Evans-Pritchard ya zauna da mutanen Azande a kudancin Sudan, littafinsa ya fito a 1937, a ciki ya kawo misalin rumbu. Mutane suna zama a inuwar rumbu da rana, wani lokaci rumbun ya rufto ya danne su. Azande sun san sarai gara ce ta cinye ƙafafun rumbun, kuma sun san zafin rana ne ya kai mutanen ƙarƙashinsa, ba wanda yake musun wannan. Tambayar da suke yi daban ce, me ya sa ya faɗi a daidai lokacin da waɗannan mutanen suke zaune, ba jiya ba, ba bayan sun tashi ba? Maita a wajensu wannan tambayar take amsawa. Kin ga kenan mutum zai iya sanin dalilin zahiri tsaf kuma imaninsa bai girgiza ba. To mutanen garinki ma su zama haka, a samu manomi da ya san iska ciki da waje, ya san watan da take tasowa da inda take dosa, amma duk da haka ba zai iya barci ba sai ya ga an ɗaura ƙullin.

Shi kuma Malinowski, wani masanin nazarin al'ummomi, da ya zauna a tsibiran Trobriand kusa da Niyu Gini lokacin yaƙin duniya na farko ya lura masunta ba sa wani tsafi in za su kama kifi a ruwan da ke kwance kusa da gaɓa, inda babu haɗari kuma sun san abin da za su samu, amma in za su shiga tsakiyar teku sai tsafe-tsafe su yi yawa. Wato inda iyawar mutum ta ƙare fargaba ta fara nan abin yake tsiro. Wannan zai taimake ki wajen zubi, imanin garin bai kamata ya tsaya cak daga farko har ƙarshe ba, da damina a yi sakaci har wasu su fara gunaguni a kan hatsin da ake kai wa gidan tsohuwa, in iska ta taso kuma kowa ya dawo da gudu.

Yanzu ga shawarar da na zo da ita, in ta yi miki ki ɗauka. Ki dasa bishiyoyi a labarin. A ce a ƙofar gabas ɗin akwai layin manyan itatuwa da a jikinsu ake rataye igiyar, kuma dokar tsohuwa tun fil azal ita ce duk itacen da igiyar ta taɓa ba a sara shi, ba a kai akuya wajen, ba a tsinke ko ganye. A zahiri layin itatuwa yana karya ƙarfin iska ya tare yashi, wannan kowa ya sani. To kin ga yanzu kin ɗaure dalilai biyun a wuri ɗaya yadda ba mai iya raba su. In Mairo ta fito ta ce ƙarya ne, tsoron ya fita daga zukatan mutane, wani ya ɗauki gatari saboda yana buƙatar itacen girki, wani ya bi shi, shekara biyu yashi ya shigo. Masu imani za su ce kun gani, an daina ƙulli. Masu shakka za su ce an sare itatuwa. Kowa yana da hujja kuma babu wanda ya yi ƙarya, ita kuma tsohuwar da kike ƙauna ta tsira daga zama maƙaryaciya, ƙila ta yarda da abin har zuciya, ƙila kuma ta san sirrin itatuwan ta ga babu abin da zai hana hannun mayunwaci sara sai tsoro, ta zaɓi ta ɗaure kanta a ƙofar gari har mutuwa saboda haka. Wannan na biyun ni har tsigar jikina yake tayarwa.

Kuma in kin lura hani da karya hani tsohon ginshiƙi ne a tatsuniya. Vladimir Propp ɗan Rasha da ya yi nazarin tatsuniyoyin ƙasarsu a 1928 ya fitar da matakai 31 da labaran suke bi, tun a na farko-farko akwai a kafa wa wani doka sannan a karya ta, daga nan masifa take shigowa. Duk wanda ya tashi da jin tatsuniya ya san da zarar an ce kada ka buɗe ɗakin can to sai an buɗe, don haka tun ranar da kika ambaci dokar itatuwan mai karatu zai fara jiran ƙarar gatari, wannan jiran kyauta kika same shi.

Abu_Hanifa_K ya amsa:

'Yar uwa Allah ya taimaka. Ni gefe ɗaya zan taɓa wanda ban ga an taɓa ba, wato alamar da kika zaɓa. Kowace alama a labari tana zuwa da kayanta, ba marubuci ne kaɗai yake loda mata ma'ana ba, mai karatu ma yana zuwa da tasa. Mutumin da ya tashi yana karanta Falaƙi kullum, wadda a cikinta ake neman tsari daga sharrin masu tofi a cikin ƙulle-ƙulle, in ya ga tsohuwa tana ɗaura ƙulli tana motsa baki da faɗuwar rana, kafin ki ce komai ya riga ya yanke mata hukunci. Ke kina son a ƙaunace ta, shi kuma ya sa ta a layin miyagu tun shafi na 2. Igiya ma haka, a ƙissar Annabi Musa alaihis salam da matsafan Fir'auna igiyoyi da sanduna suka jefa, kuma a Suratu Ɗaha an faɗa cewa suranta masa aka yi kamar suna tafiya, wato rufa ido ne. To igiya da ƙulli a wajen irin wannan mai karatu suna nuni ne zuwa cuta da rufa ido.

Ba ina cewa kada ki rubuta ba ne. Kawo abu a labari daban, yin kira zuwa gare shi daban, kuma labarinki kamar yadda na fahimta tambaya yake yi a kan abin da mutane suke jingina zukatansu gare shi, wannan tambaya ce mai kyau. Abin da nake cewa hanya biyu ce a gabanki. Ko dai ki canja aikin da tsohuwar take yi zuwa wanda bai ɗauko wannan nauyin ba, ko kuma ki bar shi da gangan ki yi amfani da nauyin, ki sa a cikin garin akwai wani mutum mai mutunci, ba mugu ba, wanda tun da can yake ƙyamar abin yana cewa bai kamata a rataya tsaron gari a kan igiya ba. In kika ba shi hujja mai ƙarfi da zuciya mai kyau sai labarin ya samu murya ta uku, ba mai imani da igiya ba, ba kuma mai shakka irin Mairo da ba ta da abin riƙewa ba, shi yana da nasa abin da ya dogara da shi. Haɗuwarsa da Mairo ita ce fitowar da ni zan fi ɗokin karantawa, musamman in shi ne mutum na farko da ya lura leɓenta motsi kawai yake yi.

Sabon_Alƙalami ta sake rubutawa:

Kai jama'a Allah ya saka muku da alheri, wallahi tun ɗazu nake karantawa ina maimaitawa. Yaya Ɗalibin_Al'adu itatuwan nan sun shiga labarin an gama, har na ga inda zan fara ambatar su, Mairo tana ƙarama ta tsinki ganye ɗaya kakar ta yi mata faɗan da ba ta taɓa yi mata irinsa ba. Anti Makaranciya na karɓi maganar farashi, kuma zan yanke amsar a raina kamar yadda kika ce, ina jin ma na riga na san ta. Malam Abu_Hanifa zan bar ƙullin in kawo mutumin da ka ce, ina so ya zama mai haƙa rijiya ne, dattijo wanda ruwan garin gaba ɗaya ta hannunsa ya fito saboda kada a samu mai raina maganarsa.

Saura abu ɗaya Malamin_Adabi, akwai babin da nake tsoro. Ina so a samu dare ɗaya da Mairo ta ƙi ɗaura ƙullin a ɓoye don ta gwada, ta fita kamar kullum ta yi kamar ta ɗaura amma ba ta ɗaura ba. To me zai faru da safe? In yashi ya shigo na faɗi amsa, in bai shigo ba ma na faɗi amsa, ko in cire babin ne gaba ɗaya?

Malamin_Adabi ya amsa:

A'a 'yata kada ki cire shi, duk mai karatu yana jiran wannan daren tun lokacin da ya san ba ta yarda ba, in babu shi zai ce yarinyar ba ta da jini a jika.

Abin da za ki yi shi ne ki rage kallon yashi ki kalli Mairo. Yawancin babin ya zama daren ne ba safiyar ba, tana kwance ido biyu, duk motsin iska a jikin ƙofa sai gabanta ya faɗi, tana lissafa gidajen da suke kusa da ƙofar gabas da yaran da ke barci a ciki har da sunayensu. Yarinyar da ta rantse igiya ce kawai sai ga shi ta kasa runtsawa, nan mai karatu zai gane shakkar tata ma ba cikakkiya ba ce, kuma ita ma a daren za ta fara gane haka.

Da safe kuma ki ba da abu ƙarami wanda zai ɗauki fassara biyu. Misali a tarar yashi ya taru a bakin ƙofar gabas har ya kai idon sawu, abin da akan gani jefi-jefi in an yi iska da dare, mai gadin ƙofa ya share shi yana hira ko a jikinsa, ita kaɗai ce ta san abin da ta yi jiya, ita kaɗai ce wannan ɗan yashin zai tsaya wa a rai. Kada wani ya mutu a wannan babin, kada ganuwa ta faɗi, in kika yi babban abu kin rufe ƙofar kokwanto da wuri alhali kina da sauran rabin littafi. Kuma ki tabbata tun a babin farko kin nuna mai gadin yana sharar yashi wata safiya tun tsohuwar tana raye, a wuce shi kamar ba komai ba, saboda mai karatun da ya koma baya ya samu abin kamawa.

Sai ki yanke ko mai haƙa rijiyar ya gan ta a daren ko bai gan ta ba. Ni da zan zaɓa zan sa ya gani ya yi shiru, ya ƙi faɗa wa kowa har sai babin da aka fara sara itatuwan, amma wannan ke za ki duba ki ga ko halin da kika ba shi zai bar shi ya yi shiru tsawon wannan lokaci. In kin rubuta babin ki kawo mu gani.